TSUTSAR SAIWAR LEMO DA YADDA TAKE RAYUWA

Ciwon da Ba a Ganin Mafarinsa

Masu lambun lemo da yawa sun san irin wannan al'amari. Mutum ya sayi dashe, ya haƙa rami, ya zuba taki, ya yi ta ban ruwa rani da bazara, har itatuwan su kai ga haihuwa. Shekarun farko kome lafiya lau. Daga nan sai a ga ganye ya fara ƙanƙancewa, launinsa ya dushe, ƙananan rassa na can ƙololuwa suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan da a dā suke cika hannu sai su koma ƙanana, ba su da daraja a kasuwa. Itacen ba ya mutuwa, ba ya kuwa warkewa. Mai lambu ya ƙara taki, a ga ɗan sauƙi na wata biyu ko uku, sa'an nan abu ya koma yadda yake. Ya duba ganye bai ga ƙwaro ba, ya duba ɓawo bai ga gara ba, sai ya ce ƙasar wurin ce ta gaji, ko kuwa irin ne ba shi da kyau.

Abubuwa da dama suna iya jawo haka, kamar ƙarancin abinci a cikin ƙasa, da kwanciyar ruwa, da ciwon ruɓewar gindi. Amma ɗaya daga cikin manyan dalilai, wanda kuma ba a cika tunawa da shi ba, wata 'yar ƙanƙanuwar tsutsa ce da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa tana shan saiwa. A ƙasashen da aka daɗe da saninta, sunan da aka ba ciwon da take kawowa ma'anarsa lalacewa sannu a hankali.

Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda tsutsar take, da yadda take ci, da yadda take hayayyafa. Wanda ya fahimci rayuwarta zai gane abu guda muhimmi, watau ita ba ta iya zuwa lambu da kanta. Kawo ta ake yi, in kuwa ta shiga, fitar da ita ba ƙaramin aiki ba ne.

Danginta

Tsutsar saiwar lemo tana cikin wani babban dangi na halittu da masana suke kira nematod. Asalin kalmar daga harshen Girkanci ne, ma'anarta mai kama da zare. Ba su da ƙafa, ba su da ƙashi, jikinsu kuma ba shi da gaɓoɓi irin na tana. Saboda haka tanar da ake gani da damina ba ta cikin danginsu, ita mai gyara ƙasa ce. Ba su kuma zama fara ko malam-buɗe-littafi kamar tsutsar da ke cin ganye. Yadda aka haife su tsutsa, haka suke mutuwa tsutsa.

Mutane sun san wasu daga cikin wannan dangi tun tuni, ko da yake ba su san 'yan'uwan juna ne ba. Kurkunu, wanda tsawonsa kan kai kusan mita ɗaya, yana cikinsu. An tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a shekarar 2013. Haka kuma tsutsar ciki da ke damun yara, da wadda ke kawo tundurmi. Masu noman rani kuma sun san wadda ke sa saiwar tumatir da ta kuɓewa su yi ƙullutu.

Ba dukan nematod ke ɓarna ba. A cikin ƙasa cike da hannu ɗaya akan sami ɗaruruwansu, galibinsu kuwa ƙwayoyin cuta da fumfuna suke ci, suna taimakon ruɓewar taki. Masu cin tsiro ana gane su da abu ɗaya: a bakinsu akwai wani tsinke mai rami a ciki, kamar allurar likita, wanda suke huda saiwa da shi su tsotse abin da ke ciki.

Yadda Aka Gano Ta

A shekarar 1912 ne wani ma'aikacin duba lambuna mai suna J. R. Hodges ya fara ganin wannan tsutsa a jikin saiwar lemo a Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka. A shekarar 1913 Nathan Cobb, masanin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda ake ɗauka shi ne uban wannan fanni na ilmi a ƙasarsu, ya siffanta ta, ya raɗa mata suna Tylenchulus semipenetrans. Kashi na biyu na sunan ma'anarsa mai shiga rabi, don kuwa rabin jikin macen ke cikin saiwa, rabi yana waje.

Ba a daɗe ba sai aka yi ta samunta a ƙasashen bakin Bahar Rum, da Ostireliya, da Amurka ta Kudu. Masana suna ganin asalinta daga Asiya ne, inda lemo kansa ya samo asali, ta bi dashen da 'yan kasuwa da matafiya suka riƙa ɗauka daga wannan ƙasa zuwa waccan tun kafin a san da ita. Yau babu wani babban yankin noman lemo a duniya da ba ta kai ba. Binciken da aka yi a Sifen ya nuna tana cikin lambuna 70 zuwa 90 daga kowane 100. A Afirka an same ta daga Masar da Sudan har zuwa Afirka ta Kudu, an kuma same ta a Nijeriya. Saboda haka maganarta ta shafi manoman Binuwai, jihar da ta fi suna da lemo, ta kuma shafi mai 'yan itatuwa ashirin a bakin fadama.

Kamanninta

Ido ba ya ganin wannan tsutsa, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. In aka jera uku, kan wannan a wutsiyar waccan, da ƙyar za su cika milimita ɗaya. Jikinta garau yake kamar ruwa, ana hangen kayan cikinta.

Ƙananan da ba su balaga ba sirara ne, suna tafiya suna lanƙwasa kamar maciji a cikin ɗan ruwan da ke lulluɓe da ƙwayoyin ƙasa. Namiji ko ya girma haka yake zama siriri. Mace kuwa in ta balaga sai kamanninta su sake sarai. Gabanta ya zama dogon wuya siriri wanda ke nutse cikin saiwa, bayanta ya kumbura kamar 'yar jaka, ya ƙare da gajeriyar wutsiya mai lanƙwasa. Daga ranar da ta kafa kanta ba ta ƙara motsawa daga wurin har ta mutu.

Daga Ƙwai Zuwa Ƙwai

Rayuwar tsutsar tana farawa a cikin ƙwai. Kamar yadda maciji ke saɓa, haka kowane nematod ke tuɓe fatarsa sau huɗu kafin ya balaga. Saɓar farko a cikin ƙwan ake yinta. Bayan kamar mako biyu sai 'yar tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta fito cikin ƙasa. Tun daga wannan lokaci hanyar namiji da ta mace ta rabu.

Shi namiji ba ya cin kome har ya mutu. Da guzurin da ya fito da shi daga ƙwai yake rayuwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 yake yin sauran saɓa uku, ya balaga. Tsinken bakinsa ya raunana, maƙogwaronsa ya shanye, ba ya iya huda saiwa. Saboda haka ba shi da hannu a cikin ɓarnar da ake yi wa itace. Aikinsa kawai barbara.

Mace ita ce mai ɓarna. Da ta fito sai ta shiga neman saiwa, in ba ta samu ba tana iya jira watanni a cikin ƙasa mai danshi ba ci. Ba ta kula da manyan saiwoyi masu kauri. Abin da take nema shi ne ƙananan saiwoyi masu laushi, 'yan mako huɗu ko biyar da fitowa, waɗanda su ne itace ke shan ruwa da abinci da su. Da fari takan tsaya a bayan saiwa tana tsotson fatar waje, tana saɓa, har ta kai ga balaga. Sa'an nan ta fara kutsa kai can cikin naman saiwar.

A nan ne abin mamaki yake. Jikin saiwa, kamar jikin kowane mai rai, an gina shi da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta. Tsutsar ba ta cinye waɗanda ke kewaye da kanta ta wuce gaba. Sai ta ƙwaƙule ɗaya, ta mai da shi ɗakin da kanta zai riƙa juyawa a ciki, sa'an nan ta zuba yawunta ta cikin tsinke a cikin waɗanda ke maƙwabtaka da shi. Yawun nan yana sake halinsu. Bangonsu ya yi kauri, cikinsu ya cika da abinci, su koma ba su da wani aiki sai ciyar da ita. Ba su cika wuce goma ba, masana kuma suna kiransu da sunan da ke nufin masu reno. Itacen yana aiko da abincin da ganyensa suka sarrafa don saiwa ta girma, abincin yana ƙarewa a cikin tsutsa. In ƙwayoyin nan suka mutu, ita ma ta mutu, domin ba ta da ikon ƙaura.

Da ta sami abinci sai bayanta ya kumbura, ta fara ƙwai. Kowace mace takan yi ƙwai 75 zuwa 100. Ba ta watsa su cikin ƙasa. Akwai wata 'yar kafa a jikinta kusa da mafitar ƙwai, wadda ke fitar da wani abu mai yauƙi da danƙo. A cikinsa take tara ƙwan, ya lulluɓe su, ya kare su daga bushewa. Sau da yawa mata da dama sukan kafa kai kusa da juna, yauƙinsu ya haɗu ya rufe saiwar.

Akwai wani hali nata kuma da ya kamata mai lambu ya riƙe. Macen da ba ta sadu da namiji ba ita ma tana yin ƙwai, su ƙyanƙyashe, su ba da maza da mata. S. D. Van Gundy na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya bi diddigin rayuwarta ya buga sakamakon a shekarar 1958, ya nuna haka. Ma'anar wannan ita ce mace guda ɗaya tak a jikin dashe ta isa ta kafa zuriya a lambu.

In zafin ƙasa ya kai wajen digiri 25 a ma'aunin Selsiyos, daga ƙwai zuwa ƙwai mako 6 ne zuwa 8. A ƙasashe masu tsananin sanyi hunturu yakan tsayar da ita. A ƙasa mai ɗumi kuwa, inda ake ban ruwa duk shekara, tana iya yin zuriya shida ko fiye kafin shekara ta kewayo. Yawanta yakan ƙaru ƙwarai bayan duk lokacin da itace ya fitar da sababbin saiwoyi.

Abin da Take Ci da Wanda Ba Ta Ci

Tsutsar tumatir ba ta zaɓen abinci, ɗaruruwan tsirrai take kamawa. Ta lemo kuwa mai zaɓe ce. Tana kama dukan dangin lemo, watau lemon zaƙi, da lemon tsami, da tanjarin, da garehul. Ban da su tana kama inabi, da zaitun, da wasu itatuwa 'yan'uwan kanya da ake nomawa a ƙetare. Ba ta rayuwa a jikin dawa, ko gero, ko masara, ko gyaɗa, ko kayan miya.

Masana sun raba ta iri uku, waɗanda ba a bambanta su da ido ko a madubi, sai da abin da suke ci. Iri na farko yana kama zaitun. Na biyu, wanda ya fi yawa a ƙasashen Bahar Rum, ba ya kama shi. Na uku shi ne mai iya kama wani lemon daji mai ganye uku-uku, ɗan asalin ƙasar Sin, wanda sauran biyun ba su jin daɗinsa. Za a sake ambaton wannan lemon daji a gaba, domin yana da amfani wajen rigakafi.

Ɓarnar da Take Yi

Tsutsa ɗaya ba ta rage itace da kome. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da suka yi dubbai a kan saiwar da ba ta fi cikin hannu ba. Ta hanyoyi uku suke cutar da itace.

Na farko, suna shanye abincin da saiwa ke bukata, sai ta kasa tsawo, ta kasa yin rassa.

Na biyu, suna buɗe ƙofa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda tsutsa ta huda, fumfuna da ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa suna bi ta nan su shiga. Wurin ya yi baƙi, ya ruɓe, ɓawon saiwar ya saluɓe ya bar zaren tsakiya tsirara. Itacen ya sake kashe ƙarfinsa wajen fitar da wata saiwar, ita ma a kama ta.

Na uku, saiwar da aka raunana ba ta iya tace abin da take sha. Abubuwan da itace ke bukata, irin su fotash da zinki, sai su ragu a cikin ganye, gishiri kuwa ya ƙaru. Don haka ciwon ya fi tsanani a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, inda ƙasa ko ruwan ban ruwa ke da gishiri ko kanwa. A irin wuraren nan bakin ganye yakan ƙone, ganyen ya zube.

Abin da ake gani a sama duk sakamakon wannan ne: ƙananan ganye, da bushewar rassa daga ƙololuwa, da saurin yaushi in an yi jinkirin ban ruwa, da ƙananan 'ya'ya. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam sun nuna hasarar takan kai kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Watau lambun da ya kamata ya ba da buhu 100 sai ya ba da 70 zuwa 90, kowace shekara, har iyakar ran itatuwan. Tun da ƙananan 'ya'ya ba su da kuɗi kamar manya, hasarar aljihu takan fi ta buhu.

In an dasa lafiyayyen dashe a ƙasa mai tsutsa da yawa, kamar tsohon lambun da aka sare, tun shekarun farko zai tsumbure. In kuwa ƙasar mai tsabta ce, dashen ne ya zo da 'yan kaɗan, sai a yi shekaru ba a ga kome ba. Kafin alama ta bayyana, mai lambu ya manta ma da wanda ya sayar masa da dashen.

Yadda Take Tafiya

Da ƙarfin kanta tsutsar nan ba ta cika yin tafiyar ƙafa ɗaya, watau santimita 30, a shekara guda ba, shi ma sai in saiwar wannan itace tana taɓa ta wancan. Da a ce da kanta take tafiya, da har yanzu ba ta fita daga lardin da ta samo asali ba. Hanyoyin da take bi su ne waɗannan.

Dashe. Wannan ita ce babbar hanya. Dashen da aka rena a ƙasa mai tsutsa yana zuwa da mata a jikin saiwarsa, da ƙwai a cikin ƙasar da ke ledarsa, alhali ganyensa kore shar.

Ruwa. Ruwan da ya bi ta cikin lambu mai tsutsa yana kwashe ƙananan ya kai su gaba. An same su a magudanan ban ruwa a ƙasashe da dama. Lambun da ke gangare yana gadon abin da ke cikin na tudu.

Ƙasa. Laka da ta manne a fartanya, ko garma, ko ƙafar tarakta, ko takalmi, tana iya ɗauke da ƙwai.

In ta shiga, tana bin saiwa duk inda ta nufa. Galibinta tana cikin ƙafa biyu na sama, amma an same ta har zurfin mita 4. Ko an sare itace, guntayen saiwar da suka rage a ƙasa suna daɗewa da rai, ita ma tana nan tare da su. A Kalifoniya an sami wurin da ta yi shekara 9 bayan an tumɓuke itatuwan.

Yadda Ake Tabbatar da Ita

Kallon ganye ba ya isa a yanke hukunci. Sai an duba saiwa. A haƙa ƙasa daidai inda inuwar rassa ta ƙare, zurfin ƙafa ɗaya, a ɗebo ƙananan saiwoyi, a girgiza su cikin ruwa. Lafiyayyar saiwa takan fita fes, fara ko ruwan ƙwai. Wadda tsutsa ta kama takan zauna da datti, ta yi kamar ta fi kauri, domin ƙasa ta manne a jikin yauƙin ƙwai, ruwa ba ya fitar da ita. In an murza ta da yatsa ɓawon yakan saluɓe. Kada a nemi ƙullutu irin na tumatir, wannan tsutsa ba ta sa saiwa ƙullutu.

Wannan alama ce kawai. Tabbaci sai a ɗakin bincike. A ɗebi ƙasa da saiwa daga itatuwa goma ko fiye a sassan lambu dabam-dabam, a gauraya, a zuba kamar mudu ɗaya a leda, a ɗaure, a rubuta sunan wuri da kwanan wata. Kada a bar ledar a rana ko a cikin mota mai zafi, don in tsutsotsin suka mutu ba za a iya ƙidaya su ba. A kai wa malamin gona da wuri, shi zai san inda zai aika, kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. A can akan shimfiɗa ƙasar a kan takarda mai laushi bisa rariya, a ɗora a faranti mai ruwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu tsutsotsin sukan ratsa takardar su faɗa ruwan, sai a ƙidaya su a madubi.

Rigakafi Ya Fi Magani

Tun da dashe ne babbar hanyarta, a wurin renon dashe ake cin nasara a kanta ko a faɗi. Jihar Fulorida ta Amurka ta gwada haka. A shekarar 1953 aka gano cewa wata nematod dabam ce ke kashe musu lemo, sai hukuma ta kafa dokar duba wuraren reno, ba a sayar da dashe don dasawa a lambun kasuwa sai da takardar shaida. Dokar ta haɗa har da tsutsar da ake magana a kanta. Sa'ad da tsananin sanyi na shekarun 1980 ya sa manoma suka buɗe sababbin lambuna a kudancin jihar, galibin lambunan nan sun tashi ba tsutsa, saboda da dashe mai tsabta aka kafa su.

Ga abin da ya wajaba a kan mai renon dashe:

1. Kada a kafa wurin reno a ƙarƙashin tsofaffin itatuwan lemo, ko inda aka taɓa noma su, ko inda ruwan lambunsu ke gangarowa.

2. Kada a cika leda da ƙasar gindin lemo, kome kyawunta. A ɗebo daga inda ba a taɓa dasa lemo ba.

3. A gasa ƙasar kafin a yi amfani da ita. Ana iya turara ta a cikin rabin ganga, ko kuwa da bazara a baza ta, a jiƙa, a rufe da farar leda mai shara-shara, a danne gefuna, a bar ta a rana mako 4 zuwa 6.

4. A jera ledojin a kan dakali ko benci, kada saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa.

5. A yi ban ruwa da ruwan rijiya ko na burtsatse, ba na magudanar da ta ratso lambuna ba.

6. In ana shakkar dashe, akan wanke saiwarsa a tsoma ta cikin ruwa mai zafin digiri 45 har minti 25. Wannan aiki yana bukatar ma'aunin zafi, don in zafin ya wuce dashen zai mutu, in ya gaza tsutsar ta tsira. A yi shi tare da malamin gona.

Mai saye kuma ya tuna araha ba ta ado. Kafin ya biya, ya tambayi inda aka rena dashen, ya fasa leda ɗaya ko biyu ya wanke saiwar ya duba.

Akwai kuma rigakafi ta hanyar aure. Lemo mai aure kashi biyu ne, gindi da kai, tsutsa kuwa gindi kaɗai ta sani. Lemon dajin nan mai ganye uku-uku, in tsutsa ta huda shi, ƙwayoyin da ke kewaye da kanta sukan mutu nan da nan maimakon su zama masu reno, sai yunwa ta kashe ta. A shekarar 1907 Walter Swingle ya haɗa shi da garehul a Fulorida, aka sami wani gindi da aka fitar wa manoma a shekarar 1974 da sunan Swingle, wanda ya gaji wannan hali. Amma ba kowace ƙasa yake so ba, ba ya jin daɗin ƙasa mai farar ƙasa da yawa ko laka mai nauyi, iri na uku na tsutsar kuma yana iya kama shi. Saboda haka a nemi shawara kafin a zaɓi gindi.

Lambun da Ya Riga Ya Kamu

Babu maganin da zai share tsutsar nan daga lambun da itatuwa ke tsaye a ciki. Abin da ake iya yi shi ne a rage ta, a kuma ƙarfafa itacen ya jure.

A dā an dogara da wani magani mai suna DBCP, wanda ya yi aiki ƙwarai. A shekarar 1977 aka gano yana hana maza ma'aikatan masana'antarsa haihuwa, sai Kalifoniya ta hana amfani da shi a shekarar, gwamnatin Amurka ta bi baya a 1979. Magungunan tsutsar ƙasa da dama dafi ne mai ƙarfi, suna iya gangarawa cikin ruwan rijiya, ba su kuma cika kashe ƙwan da ke cikin yauƙi ba. Kada manomi ya saya ya zuba da ka, sai an ƙidaya tsutsar an ga yawanta ya kai a kashe kuɗi a kanta.

Abin da ke hannun kowane mai lambu shi ne ban ruwa a kan kari, ba ƙishi ba kwanciyar ruwa, da ruɓaɓɓen taki, da rufe gindin itace da ciyawa busasshiya, da nome haki. Taki yana ciyar da itace, yana kuma ƙara yawan fumfuna da ƙwayoyin da ke cin ƙwan tsutsa. Dusar da ke raguwa bayan an matse man 'ya'yan darbejiya ita ma tana rage nematod in an gauraya ta da ƙasa. A riƙa fara aiki daga sashen lambu mai lafiya a ƙare a mai ciwo, a kuma wanke kayan aiki.

In lambu ya tsufa za a sabunta shi, a tumɓuke itatuwan da saiwarsu iyakar iyawa, a ƙone. Kada a mayar da lemo nan take. A noma dawa ko masara ko gyaɗa a wurin shekara biyu ko uku, yunwa ta rage tsutsar, sa'an nan a sa a duba ƙasar kafin a dasa.

Abin Tunawa

Itacen lemo dukiya ce ta shekara talatin ko fiye, sau da yawa wanda ya dasa ba shi kaɗai ke cin amfaninsa ba, har 'ya'yansa. Tsutsar da ke rage wannan dukiya ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. A cikin leda take zuwa, ko a cikin ruwa, ko a bakin fartanya. Ranar da aka sayi dashe ita ce ranar da mai lambu ya fi iko a kanta. Duk mai niyyar kafa lambu, ko mai ganin alamun da aka ambata a itatuwansa, sai ya tafi ofishin gona mafi kusa da shi ya nemi malamin gona.